Ƙanwata mai jego ta kumbura, Inna ta ce a ƙara kanwa a kunu

Yayar Mai Jego:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma a ba ni ita tsakani da Allah. Ƙanwata ta haihu yau kwana 19, haihuwar fari, ta dawo gida wanka wajen Innarmu. Tun ranar da aka sallamo su ake yi mata yadda aka yi mana: ruwan zafi safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa babban kofi bayan kowane wanka, da rana kuma a sake dama wani. Jiya na je gidan na tarar ƙafafunta sun yi suntum, ko silifas ba ya shiga. Na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Ta ce da dare ba ta iya kwanciya sai ta tara filo uku ta jingina, in ta miƙe sosai numfashinta ya riƙa yin sama-sama, ga tari. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta dafa bango ta huta. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta don ta sha ruwan randa ranar suna, saboda haka yau an ƙara kanwa a kunun, an ƙara wa ruwan wankan wuta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan? Me za mu dafa mata kumburin ya saɓe?

Malamar Asibiti:
Wa alaikumus salam. Yaya, ajiye wayar nan ki je ki ɗauke ta zuwa asibiti yanzu, ba gobe ba. Wannan ba maganar abin da za a dafa ba ce tukuna. Kumburin da ke lotsawa, haki, kasa kwanciya sai an jingina, tarin dare, duk a jikin mace mai kwana 19 da haihuwa, alamu ne na zuciyar da ta gaza tura jini yadda ya kamata, ruwa yana taruwa a ƙafa da huhu. Ki ce musu a auna jininta, a saurari ƙirjinta, in da hali a yi hoton zuciya. Kunun kanwa da wankan nan kuma a dakatar har likita ya gan ta. Ki tafi da katinta na awon ciki.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi ki ji maganar Malama. Ni ce shaida. Haka na yi bayan na haifi tagwayena, ana ta cewa jego ne bai karɓe ni ba. Sai da na kwana biyu a zaune kafin aka kai ni. Wata takwas ina shan magani. Alhamdulillahi yanzu lafiyata lau, amma ban manta daren nan ba.

Hajiya Babba:
'Ya'yan nan ku bi a hankali. A kai ta asibiti, ban hana ba, ciwo ai sai mai magani. Amma kada a ɗora wa kunun kanwa laifin da ba nasa ba. Ni na haifi tara, kowanne na yi wankansa arba'in cif, na sha kununa har na ƙoshi, ga ni nan jikokina sun haura talatin. Uwata ta yi, kakata ta yi. Kunun nan shi ke wanke cikin mai jego, ya kawo ruwan nono, ya gasa jiki. Yanzu da kuka watsar da shi ai ga shi nan muna gani, yarinya ta haihu ɗaya ta riƙa ciwon baya kamar tsohuwa, ga sanyin mara ba ya ƙarewa. Ba kowane abin da aka gada ba ne jahilci.

Goggon Marayu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ke kin sha kin tashi, shi ya sa kike nan kina ba mu labari. Waɗanda ba su tashi ba ba sa cikin wannan zauren. Matar ƙanena kwananta 33 da haihuwa ta rasu. Kumburi aka fara gani, aka ce sanyi, aka ƙara wuta. Ranar da aka ce a kai ta asibiti a mota ta cika. Yarinyar da ta bari a hannuna take, bana ta shiga aji uku. Ni ban ce kanwa ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma mun zauna mako biyu muna kallon alamun nan muna kiransu da wani suna.

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Ban ji daɗin jin wannan ba, 'yata.

Yayar Mai Jego:
Na kira mijinta, ya ce yana zuwa da mota. Inna tana ta faɗa wai za a fitar da ɗanyen jiki cikin iska. Ku sa mu a addu'a.

Amaryar Bana:
Allah ya ba ta lafiya. Ni cikina wata bakwai, kuma har an sayo mini kanwa kusan rabin kwano an ajiye, surukata ce ta aiko. Don Allah a yi mana bayani sosai. Ita kanwar nan mene ne a cikinta? Ni na ɗauka magani ce.

Malamar Asibiti:
Amarya, kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Mutane suna jin ana kiranta da sunan da ke nuna fotasiyam a Turance sai su ɗauka shi ne a ciki, alhali mafi yawanta sodiyam ne, wato sinadarin nan dai da ke cikin gishiri wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba. To ki lissafa abin da mai jego ke ci: gishirin miya, dunƙule biyu ko uku wanda kusan rabinsa gishiri ne, yajin jego da aka daka da gishiri da dunƙule, farfesun ƙauri, sannan a kawo kunun da aka narka kanwa a ciki sau uku a rana.

Ga kuma abin da ke faruwa a jikinta. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi don ya ishe ta da ɗan. Bayan haihuwa jiki yana ƙoƙarin fitar da wannan rarar ruwan ta fitsari da gumi, shi ya sa kike ganin mai jego tana jiƙe zani da dare. Daidai lokacin da jiki ke son rage ruwa, mu kuma muna ɗura masa abin da ke riƙe ruwa. Sannan zafin wanka yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Mai ƙarfin zuciya za ta ɗauka ta wuce, kamar Hajiya. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ko jininta ke hawa ba a sani ba, ita ce ake ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Likitoci a Zariya sun rubuta wannan tun shekarun 1970. Davidson da Parry, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi mata fiye da 200 masu wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa.

Ɗalibar Likitanci:
Anti Malama, ki yi haƙuri in ɗan ƙara wani abu, don kada a bar Hajiya ita kaɗai, tana da gaskiya a wani gefen. Binciken Zariya ba shi ne na ƙarshe ba. Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, aka wallafa a 2020. Sun samu cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, kusan mace ɗaya a cikin haihuwa 100, wanda ba a san inda ya kai haka ba a duniya. Amma da suka kwatanta masu ciwon da marasa shi, ba su ga cewa kunun kanwa ko wankan jego ne ke raba su ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, wato mace ta shiga ciki ba ta da ƙwarin jiki, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu da rashin abin yi. Kafin nan, a 2015, sun samu ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin yawancin masu ciwon a Kano. A Yamai ma an ga irin haka tun 1992.

Hajiya Babba:
To kun ji. Allah ya yi miki albarka 'yata. Ashe yunwa ce, ba kanwa ba.

Ɗalibar Likitanci:
Amin Hajiya, amma ban wanke kanwa tas ba fa. Cewa ba ita ke haddasa ciwon ba daban, cewa ba ta cutar da wadda ciwon ya riga ya kama daban. Duk mai ciwon zuciya ko hawan jini, abu na farko da ake ce masa ya rage gishiri. Ƙanwar Yaya da ƙafarta ta kumbura, kowane kofi na kunun nan ƙara mata ruwa yake a huhu. A nan babu saɓani tsakanin Zariya da Kano. Kuma matsalar ita ce ba a gane wadda zuciyarta ke da rauni da ido. Sai ta kumbura.

Malamar Asibiti:
Na gode ƙanwata, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abin da kika kawo ma ya fi tayar mini da hankali. Mu a ɗakin haihuwa muna gani: yarinya 'yar shekara 17, siririya, idonta fari fat, ta haihu, a mayar da ita gida a cika mata ciki da kunu. Kunun gero zalla da kanwa yana cika ciki, amma ina naman, ina ƙwan, ina waken? Ranar suna a yanka rago, a soya, a rarraba wa dangi da maƙwabta, mai jegon a ba ta 'yan tsoka a kwano. Bayan mako ɗaya nama ya ƙare, saura kwana 26 na kunu da tuwo.

'Yar Damagaram:
Gaskiya kenan. Mu nan kanwa ba baƙuwa ba ce, daga ƙasar Manga gabas da mu ake kawo ta, wata kuma daga wajen Tafkin Chadi. A kasuwa za ki ga jar kanwa, fara, da ungurnu, kowacce da aikinta, har dabbobi ana ba su lasa. Amma ni abin da na lura a gidanmu, tsofaffin da ba su tsaya kan kunu kawai ba. Kakata in mace ta haihu hura da nono take dama mata mai kauri, ga man shanu a tuwo, ga zabuwa ko kaza duk bayan kwana biyu, ga kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli. Kanwar da take sawa a kunu ɗan ƙanƙanen gutsure ne kamar ƙwayar gujiya a babbar ƙwarya. Yanzu hatsi ya yi tsada, kaza ta gagara, sai kanwar ce kawai ta rage mai araha, sai ake ta ƙara ta. An riƙe rabin al'adar an saki rabin da ya fi amfani.

Hajiya Babba:
Wannan magana taki haka take. Mu a lokacinmu mijin da bai kawo ƙauri da kaji ba ai abin kunya ne a gari. Kuma mai jego ba ta tsinana komai, ko tsintsiya ba ta ɗauka har ta yi arba'in. Yanzu kwana goma za ki gan ta a bakin murhu.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya wannan hutun kam a dawo da shi, ko likitana abin da ya fi nanata mini kenan.

Uwargida Sabon Gari:
Ni dai ina ganin duk a bar wankan nan gaba ɗaya. Matan wasu ƙasashe ba sa yi kuma lafiyarsu ƙalau. Ni da ruwan ɗumi na yi nawa a banɗaki, ba ganye ba komai. Ƙauyanci ne kawai da wahalar da kai.

Goggon Marayu:
A'a, kalmar ƙauyanci ba ta dace ba. Iyayenmu ne fa. Ni da na rasa mutum ma ban faɗi haka ba. Matar da ta tashi da asuba ta hura icce ta dafa miki ruwa kwana arba'in ba ƙiyayya ta sa ta ba. In kika shiga gida da wannan kalmar, ko gaskiya kika zo da ita ba mai saurarenki, kuma mai jegon ce za ta kwana a ciki.

Uwargida Sabon Gari:
Na janye kalmar, a yi haƙuri. Amma ƙuna fa? Na ga wadda bayanta ya saɓule saboda ruwan nan.

Malamar Asibiti:
Ƙuna gaskiya ce, muna karɓarsu, har da waɗanda ɗinkinsu ya buɗe. Ni abin da nake gaya wa masu jegona: ruwa mai ɗumi sosai wanda mai yi miki wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar shi a ciki, ba wanda ake fyaɗawa da ganye don hannu ba ya iya taɓa shi ba. In jiri ya ɗebe ki ko zuciya ta riƙa bugawa fat-fat, a tsaya. Wadda aka yi wa aiki, ko mai hawan jini, ko wadda ta zubar da jini da yawa, ta tambayi asibiti tukuna. Gadon wuta kuwa a bar shi, ga zafi ga hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki da jariri.

Amaryar Bana:
To in an bar kunun kanwa me za a sha? Surukata za ta ce nono ba zai zo ba.

Mai Abincin Sayarwa:
Amarya zo nan, wannan fagena ne. Shekarata 14 ina dama kunu ina sayarwa, kuma na yi jegon 'ya'yana biyar. Kunun gyaɗa ki sa a gaba. Ki samu gyaɗa ɗanya mai kyau, ki zauna ki tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki zubar, kada ki ji asara. Ki ɗan soya ta sama-sama a busasshen kasko don ɓawon ya fita, ki murje, ki fece, a markaɗa da ruwa, ki tace. Ruwan nan fari kamar madara shi za ki ɗora a wuta, kuma kada ki matsa, yana tafasowa yake zubewa. Ki wanke 'yar shinkafa ko alkama da kika jiƙa ki zuba ta dahu a ciki. Sai ki kawo gasarar gero ki dama da ruwan tsamiya, ki sauke tukunyar, ki zuba kina juyawa. Tsamiyar a ƙarshe take shiga, in kika sa ta da wuri kunun ya tsinke. Sukari kaɗan, ko ki jiƙa dabino ki markaɗa a ciki.

In kuma ɗumin nan na kunun kanwa ake so, ai ba kanwar ce ke ba da shi ba, kayan yaji ne. Ki surfa geronki, ki wanke, ki jiƙa, a niƙa da citta da kanumfari da masoro da ɗan kimba, ki dama da tsamiya. Mai jego za ta sha ta yi gumi, tsohuwa ta ga gumi hankalinta ya kwanta. Abin da za a rasa kawai launin nan ruwan ɗorawa da kanwa ke sawa.

Yajin jego kuma ki ce a daka miki naki daban: citta, masoro, kimba, kanumfari, barkono kaɗan, daddawa mai yawa, ƙuli-ƙuli, ba dunƙule. Daddawa in ta ji wuta ta daku, ba za ki nemi wani ɗanɗano ba.

Malamar Asibiti:
Allah ya saka, Hajiya mai abinci. Game da nono kuma, Amarya, abin da ke kawo shi tsotso ne. Ki sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ki ba shi dakashin nan mai ruwan ɗorawa, kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Yawan tsotso, yawan nono. Ke kuma ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa duk lokacin da ƙishi ya kama ki. Ruwan randa ba ya sa kumburi.

'Yar Damagaram:
Wake fa? Mu in ba kanwa ba ya nuna da wuri, ga gawayi da tsada.

Mai Abincin Sayarwa:
Ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo, ki yanka albasa a ciki. Rabin lokacin zai ɗauka, kuma ba ya kumbura ciki sosai. Ni faten wake da alayyahu da busasshen kifi da manja nake yi wa mai jego, ko faten tsaki da zogale da gyaɗa. Miyar kuka ma ba ta bukatar kanwa in kukar sabuwa ce, ki kaɗa ta da kyau a rage wuta. Kuɓewa ɗanya ki goga ta ƙanana, kada ki rufe tukunya, za ta yi yauƙi. Ban ce ban taɓa sa kanwa a girki ba, ɗanwake dai dole sai da ita, amma ɗan ruwanta a tukunyar gida guda ba ɗaya yake da a narka ta a kofi mutum ɗaya ya shanye ba.

Ɗalibar Likitanci:
Ƙari a kan wake: kanwa tana lalata wani bitamin da ke cikinsa da cikin gero, wanda ake kira B1, kuma zuciya da jijiyoyi suna bukatarsa. Jiƙawar ta fi. Seleniyam ɗin da na ambata kuma ana samunsa a kifi, ƙwai, hanta da nama. Kada wadda ta je kemis ta sayo ƙwayarsa ta riƙa sha da kanta, yawansa guba ne. Ƙwai ɗaya ko biyu a rana da ɗan kifi a miya ya fi mata.

Yayar Mai Jego:
'Yan'uwa mun gode, yanzu na samu zama. An kwantar da ita. Jininta 160 bisa 100, kuma an ce akwai ruwa a ƙirjinta. An yi mata allurar da ke sa fitsari, tun ɗazu take zagayawa, har ta ce numfashin ya ɗan sassauta. Gobe za a yi hoton zuciya. Likitan ya ce da mun ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai: sun ce jininta ya hau, sun kuma ce jininta ya yi ƙasa. Ta yaya mutum zai haɗa biyun?

Malamar Asibiti:
Alhamdulillahi da kuka je. Tambayarki kullum sai an yi mini ita, laifin kalmar ce da muke kiran abu biyu da suna ɗaya. Hawan jini ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya ne, shi ake aunawa da abin da ake ɗaurawa a dantse, daga 140 bisa 90 zuwa sama an ce ya hau. Ƙarancin jini kuma jan da ke cikin jinin ne ya yi kaɗan, shi ake gani in an ɗebi jini, ko a duba cikin ido da tafin hannu a ga sun yi fari. Kamar kunu ne tsararo a cikin tiyo mai matsi: ga ƙarfi, ba kauri. Mai jego tana iya haɗa su, kuma ƙarancin jinin yana ƙara wa zuciya aiki.

Za su ba ta ƙwayar ƙarin jini, ta sha ko da bayan gidanta ya yi baƙi, haka yake yi. A abinci kuma hanta, nama, kifi, wake, zogale, alayyahu. Ta haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba, suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, yana hana ɗauka. Lemon kwalba na malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa masu jego ba ya ƙara jini, sukari ne ya fi yawa, kuɗin a sayi hanta.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya, in ƙara miki daga abin da na gani. Ki tambayi likita yawan ruwan da za ta sha a rana, ni an iyakance mini a farko, har kunu a cikin lissafi yake. Kada a ba ta wani jiƙo ko sassaƙe, ko zoɓo mai yawa, ba tare da an gaya masa ba, tunda tana kan maganin hawan jini. Ta gaya masa tana shayarwa don ya zaɓi maganin da ya dace. In kumburi ya saɓe kada ta ce ta warke ta ajiye magani, nan ne mutane ke faɗawa. Maganar wani cikin kuma a zauna da mijinta da likita, ni sai da aka sake hoton zuciya aka ga ta koma daidai.

Yayar Mai Jego:
Na rubuta duka. Damuwata yanzu Inna. Tana zaune a barandar asibiti ta yi shiru, ko abinci ta ƙi ci. Ɗazu ta ce mini, "Ashe da hannuna nake kashe ta." Na rasa abin da zan ce mata. Kuma na san in an sallame su, ƙannen Babanmu za su zo su ce a ci gaba da wanka a cika arba'in.

Hajiya Babba:
Ki ba ni ita a waya in kin yarda, ki turo mini saƙo ta gefe. Tsohuwa sai tsohuwa. Ki gaya mata ba ita ta sa wa 'yarta ciwo ba, ga 'yar likita nan ta faɗa, ciwon yana kama wadda ta sha da wadda ba ta sha ba. Abin da ta sani ta yi, kuma ita ta riƙe jaririn ai kuka samu fita. Kada ku ƙwace mata jegon nan daga hannu, shi zai karya mata zuciya. Ku bar mata tukunyarta. Ita za ta dama na gyaɗar da na tsamiyar, ita za ta sirka ruwan, ita za ta yi farfesun, a dai ɗauke gishiri da kanwa daga kusa. Goggonninku kuma in sun zo, kada ke ki yi musu, ki bar Inna ta ce likita ya hana, daga bakinta za su fi ji.

Ni har yanzu ina nan kan cewa mai lafiya ɗan kunun kanwa ba zai kashe ta ba. Amma jikata tana da ciki wata biyar, kuma yau na ce wa uwarta duk awo sai an gaya mini nawa jininta yake.

Malamar Asibiti:
Hajiya, a ci gaba da awon har bayan haihuwa, nan ne ake sakaci. A duba mai jego cikin awa 24 na farko, a sake a kwana na uku, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako shida. Hawan jinin ciki yana iya tasowa bayan an haihu, ciwon zuciyar nan kuma har watanni biyar bayan haihuwa yana bayyana. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, haki, zubar jini mai yawa, zazzaɓi ko wari daga gaba, ba a jiran arba'in da su.

Amaryar Bana:
Hajiya mai abinci, kunun tsamiyar nan, gero kwano ɗaya citta nawa zan sa? Ina so in gwada tun yanzu in kai wa surukata ta ɗanɗana kafin lokacin ya zo.

Mai Abincin Sayarwa:
Kwano ɗaya ya yi miki yawa, fara da gwangwani huɗu. Busasshiyar citta kamar yatsa biyu, kanumfari bakwai ko takwas, masoro rabin cokalin shayi, kimba ƙwaya ɗaya ki fasa ki cire 'ya'yan don suna ɗaci. Tsamiyar ki jiƙa ta da ruwan ɗumi tun kafin ki tafi niƙa. Ki kai mata da zafinsa a kwanon sha mai murfi, ki ce ta gaya miki abin da ya rage a ciki.

Yayar Mai Jego:
Hajiya Babba na turo miki saƙon. Inna ta idar da sallah, tana jira.